Naman da Mama Ta Wanke

Jama'a, ku matso kusa, don abin da ya same ni ranar Lahadin nan ba na faɗa da ƙarfi ba ne. Masu cika mini waya da "Ziba, ya aka ƙare da Samson?" ku yi haƙuri, sai yau hankalina ya dawo jikina. Sababbin zuwa kuma, sunana Hephzibah, amma a Unguwar Boro ba mai wahalar da bakinsa da wannan dogon suna sai Baba. Kowa Ziba yake ce mini. Ina koyarwa a wata firamare a Kamazou, kuma ƙanwata Debby ta riga ni aure. Wannan na ƙarshen shi ne babban laifina a gidanmu, da shi ake karyawa, da shi ake cin tuwon dare.

Ba wai na rasa mai so ba. Ina da shi, dogo, baƙi, mai sanyin magana, in ya yi dariya har idonsa ke rufewa. Matsalar ɗaya ce: Samson kuku ne a wani otel a Barnawa. Kuma kada ku ɗauka Mama raina sana'ar ta yi. A'a, tsoronta take ji.

"Namijin da ya san kicin," in ji ta, "matarsa ba ta da wurin ɓuya. Dubi Babanki. Tun da ya auro ni daga Kwoi har yau bai san inda nake ajiye gishiri ba, shi ya sa muke zaman lafiya. Abin da na sa masa a gaba ya ci ya gode wa Allah. Wannan naki kuwa, zai ɗaga murfin tukunya ya ce albasa ta yi yawa. Yau albasa, gobe mai, jibi ke kanki."

"Mama, Samson ba haka yake ba."

"Duk haka suke. Mace in ranta ya ɓaci kicin take shiga, ta buga tukwane ta huce. Ke ina za ki shiga? Za ki tarar da shi a ciki riƙe da ludayi."

Ita Mama Alexander take so mini, ɗan ƙawarta ta Zumuntar Matan cocinmu, mai aiki a banki. Bawan Allahn nan ko ruwan shayi bai iya dafawa ba, kuma a wurin Mama wannan ce babbar shaidarsa ta mijin kirki.

Baba ne ya raba gardamar. Shi mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a masaƙa a Kakuri, ƙarar injuna ta koya masa taƙaita magana. Ya sauke rediyonsa ya ce, "Hephzibah, ki ce wa yaron ya zo ranar Lahadi bayan sujada, ya ci abinci da mu. Sau ɗaya. In uwarki ta ce e, ni ma e. In ta ce a'a, kada in ƙara jin sunansa a gidan nan."

Kun ji fa. Zama ɗaya, faranti ɗaya, kuma alƙalin ta riga ta yanke hukunci tun kafin a shiga kotu.

To ni da wayona sai na ƙulla dabara. Na ce bari in dafa abin da shi Samson ya fi ƙwarewa a kai, abincin otel ɗinsu, in ajiye masa a gaban Mama. In ya ci bai ce uffan ba sai yabo, a kan girkin da ya fi kowa sanin kuskurensa, me kuma Mama za ta ce? Na ɗauki waya.

"Koya mini sitek ɗin nan naku."

Ya rubuto: "Ziba, ki dafa shinkafa da miya kawai. Wallahi zan ci."

"Ba shawara na nema ba, Oga."

"Kin taɓa yi?"

"Kai da ka iya, da shi aka haife ka?"

Ya turo fuskar nan mai dariya da hawaye, sai ga saƙon murya mai tsawo, ina jin ƙarar cokula da wani yana ƙwala masa kira a bayansa. Ga waɗanda ba su sani ba, kamar ni kafin satin nan: sitek nama ne faffaɗa kamar tafin hannu, mai kauri, ba a yanka shi ƙanana, kuma ba a tafasa shi ko kaɗan. A kasko mai zafi ake gasa shi, gefe da gefe. Sirrin duka a tsimi yake. Sai ka jiƙa shi cikin kayan ƙamshi ya kwana, su ratsa shi, ya yi laushi yadda ko wuƙar cin abinci ba za ta sha wahala ba.

Ranar Asabar na hau keke har Tudun Wada, wurin Malam Lawal mahauci, wanda Samson ya ce shi kaɗai ya yarda da naman hannunsa. Na same shi da farar riga da ta ga duniya, yana wasa wuƙaƙe biyu da juna.

"Malam, naman gadon baya nake so, mai laushin nan."

Ya janyo wata doguwar tsoka ya shimfiɗa, kafin in ƙifta ido ya ɗaga wuƙa zai sassare ta gutsi-gutsi.

"Tsaya! Malam tsaya, don Allah! Faffaɗa za ka yanka, kamar hannuna."

Ya sauke wuƙar a hankali, ya dube ni sama da ƙasa, sai ya washe baki. "Au, ke ce ta Samson ɗin? Ikon Allah. Ya ce za ki zo, ya ce doguwa ce mai saurin fushi."

"Haka ya ce?"

"Doguwar dai na ƙara, ragowar nasa ne." Ya shiga yanka a natse, yana jera su kamar sabulu. "Kin ga wannan tsokar, saniya ba ta aiki da ita, shi ya sa take lub-lub. Amarya, in kika tafasa naman nan, ni dai ban yafe ba."

Na yi dariya na ce Allah ya kiyaye. Da na sani da na ce amin da ƙarfi.

Da yamma, Mama ta tafi gwajin waƙa na Zumunta, kicin ya zama nawa. Na ɗauraye naman na tsane shi da tsumma mai tsabta. Na gurza albasa da tafarnuwa, na daka masoro, na zuba kindirmo, man gyaɗa, gishiri, na matsa lemun tsami kaɗan. Sai citta. A nan ne Samson ya ja mini kunne a saƙonsa: "Ɗanyar citta tana cin nama, Ziba. Kaɗan za ki sa, kamar kan babban yatsa. In ta yi yawa ta kwana a kai, za ta kashe shi." To amma ku duba mini. Cittar da ke buhun Mama daga gonar kawuna ta zo, ta Kwoi, wadda in ka karya ta ƙamshinta sai ya kai bakin titi. Ni 'yar Jaba, ƙasar citta, a ce in sa kan yatsa? Na gurza mai yawa, na ƙara, na ce ai alheri ba ya yawa.

Na mulke naman lungu-lungu, na jera a roba mai murfi, na ɗauki hoto na tura masa.

"Ya yi kyau," ya rubuto. "Wancan rawaya-rawayan duk citta ce?"

"Hasken waya ne."

"Hmm. To a firij zai kwana. Gobe kada ki wanke shi, goge shi kawai za ki yi, sai kasko."

Ina sa robar a firij aka ɗauke wuta, kamar jira ake. Na leƙa waje, unguwa duka shiru, ba alamar za a dawo da ita. Na ruga wurin mai ƙanƙara na sayo manya, na jera a babbar kular da muke zuwa biki da ita, na zaunar da robar a tsakiya, na tura bayan ƙofar kicin, na lulluɓe da tsohon zani. Ban gaya wa Mama ba. So nake ta ga abin mamaki, kuma ta gani, ni ma na gani.

Lahadi da safe ni ce mai jan waƙa a sujadar Turanci, dole in fita da wuri. Na sa sabuwar atamfata kore mai zanen ganye, riga da siket, wadda tela ta kusa kashe ni da jira a kanta, na kafa ɗauri har yana taɓa ƙofa. Mama kuwa tana zaune da ɗaurin ƙirji, wai yau ƙafarta na ciwo, ba za ta coci ba. Ƙafar da ke ciwo ce ta hau kujera ta share yanar gizo, ta sauya labulen falo, ta fito da rigunan kujera masu saƙar hannu da ba ma gani sai Kirsimeti. Ba ta son yaron, amma ba za ta yarda ya ga ƙura a gidanta ba.

A coci na yi waƙa da dukan zuciyata, rabi don Ubangiji, rabi don nama. Ana tashi ban tsaya gaisuwa ba, na kama hanya ina lissafin yadda zan yi: in ɗora shinkafa, in yanka su tumatir da kabeji, sai ya iso sannan in ɗora kasko.

Tun daga bakin ƙofar gida na ji ƙamshin. Ƙamshi ne mai daɗi, na dahuwar nama da albasa, irin wanda kullum ke sa ni murna. Ranar kuwa da gudu na faɗa gidan.

Na shiga kicin da takalmina. Ga kula a buɗe, ga robata an wanke an kife. Ga babbar tukunya a kan wuta tana ɓararraka. Ga Mama tana yanka attaruhu tana 'yar waƙarta.

"Mama, naman wa ke kan wuta?"

"Naki mana. Ki gode wa Allah da ya sa na leƙa kular nan."

"Mama, me kika yi?"

Ta ajiye wuƙa ta juyo. "Ni ce zan tambaye ki. Ziba, wace irin ƙazanta ce wannan? Nama ba a yanka ba, ba a tafasa ba, kin kwaɓa shi da nono kamar za ki dama fura, kin rufe kin tafi coci kina ɗaga murya? Wa ya koya miki? Da baƙon ya zo ya gani, ni za a zaga."

"Tsima shi na yi! Haka ake yi!"

"Magani ne da za a tsima? Na wanke miki shi tas, ruwa bayan ruwa, sai da ruwan ya fita garau. Na yanka shi yadda mutane ke yanka nama. Ko sannu ba za ki ce mini ba?"

"Tun yaushe yake kan wuta?"

"Kina fita na ɗora. Naman shanun yanzu in bai sha wuta ba ai roba ne."

Jama'a, na zauna a kan kular nan da sabuwar atamfata na fashe da kuka. Ba kukan gayu ba, na gaske, mai majina. Na tuna tafiyata Tudun Wada, na tuna yatsuna da magurji ya ci, na tuna Malam Lawal da bai yafe ba. Na ce, "Kin kashe ni, Mama. Da gangan kika yi don ba kya son sa."

Wannan maganar ta yi mata zafi, na gani a fuskarta. "Ni? Ni zan ɓata abinci da gangan? Kin gani ko? Tun bai taka gidan ba ya fara haɗa ni faɗa da 'yata a kicin ɗina. Tashi ki ga nama yadda ake dafa shi, in soya miki shi ya yi ja, ki ga in kukun naki zai bar ko guda."

Ta ɗage murfi da ƙarfinta, ta zura ludayi, ta ɗago.

Babu nama. Wato akwai, amma ba guda ko ɗaya. Zare-zare ne ke zuba daga ludayin, kamar tsohon tsumma da ya sha wanki. Ta sake zurawa can ƙasa, ta ɗago, haka. Cittar kawuna ta kwana tana aikinta, tsokar da ma can lub-lub ce, ga wutar da Mama ta ba ta irin ta jijiyar tsohon sa.

Ku fahimci wace ce Mama. Ita ake aikowa a ɗauka da mota in za a yi biki a cocinmu. Ita ke tsayawa kan tukwanen taron mata, ta ɗanɗana ta ce a ƙara kaza, ba mai musu. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin girki ya ba ta kunya ba. Sai ga ta tsaye da ludayi a hannu, bakinta a buɗe, ta dubi tukunya ta dube ni.

"An yi wa naman nan wani abu," ta ce a hankali.

"Citta ce, Mama. Na cika ta."

"Cittata?"

"Taki."

Fushina ya tafi, tausayinta ya kama ni. Kafin ɗayanmu ta ƙara magana muka ji an ƙwanƙwasa ƙofar gida.

"Gafaranku dai, masu gida."

Yesu na! Ya zo da wuri. Na leƙa ta tagar kicin: ga shi cikin shadda ruwan sararin sama, guga har tana ɗaukar ido, da hular da na san aro ce don ta ɗan yi masa yawa, ya rungumo kankana da abarba kamar mai zuwa dubiya asibiti. Baba ya tare shi, Samson ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa, aka shiga falo.

Na goge fuska na kai ruwa. Na gaishe shi kamar ban taɓa ganinsa ba, ya amsa kamar bai san sunana ba, amma ya ga idona. Ya ɗaga gira kaɗan. Na girgiza kai kaɗan. Baba ya yi gyaran murya, na fice.

A kicin na ɗauki hoton ludayin na tura masa: "Mama ta wanke ta tafasa. Ya narke. Na mutu."

Shiru. Da ma na san za a yi shiru, don Baba yana da doka: duk wanda ya taɓa waya yana masa magana, ba shi da tarbiyya, an gama da shi. Kuma ta labule ina jin Baba ya buɗe babin masaƙa, yadda ake fita aiki da keke dubu, yadda atamfar Kaduna ke kaiwa har ƙasashen waje. Mutumin da ba ya magana, in ya shiga wannan labarin sai an kawo abinci yake fita. Abincin kuma ga shi a tukunya ya zama kunu.

Mama ta kashe wuta ta jingina da bango. "A aika a sayo kifi," ta ce, muryarta ba ƙarfi.

"Yau Lahadi, Mama, kafin a samo a gyara, yamma ta yi."

Sai na ji wayar Samson ta yi ƙara a falo, saƙo na biyu ke nan da na tura masa, na cika shi da fuskokin kuka. Na ji ya ce, "Baba, yi haƙuri, bari in kashe wayar nan gaba ɗaya kada ta dame mu."

"Madalla," in ji Baba. "Yaran yanzu ba su san wannan ba."

Wayata ta yi motsi a hannuna. Kalma ɗaya ce, ya rubuta ta a cikin kashewar:

"Dambu."

Ban san Mama tana bayana ba sai da na ji numfashinta a wuyana. "Me ya ce?"

"Ya ce dambu."

Ta dubi tukunyar. Na ga idonta ya dawo daidai, kafaɗunta suka miƙe.

"Ai abin da nake shirin faɗa ke nan," ta ce. "Ɗauko turmi. Cire wannan ɗaurin kafin ya kama wuta."

Ban taɓa ganin aiki irin na ranar ba. Ta tsane naman a matsami, romon ta juye a wata tukunya ta ɗora dafa-duka. Na ɗan daddaka shi sama-sama, da ma ba ya buƙatar ƙarfi. Ta ɗora man gyaɗa, ta zuba, ta shiga juyawa ba tsayawa, zufa na bin wuyanta, tana ba ni umarni da haɓa: rage wuta, miƙo albasa, matsa can. Naman ya fara tashi, ya yi ja, ya wartsake, ƙamshin cittar da ta shige shi tun jiya ya cika gidan, wankin Mama duk bai fitar da shi ba. Sai dai da ta zo zuba yaji ba ta auna ba. Na ga ta zuba, na ga ta sake zubawa. Na buɗe baki, ta harare ni, na rufe.

Abin da ban gaya mata ba, kuma ku ma yau za ku ji: Samson, kukun otel guda, ba ya iya cin yaji. Ko tsire ya saya sai ya kaɗe shi.

Mama ta shiga ɗaki ta fito cikin leshinta ruwan goro da sarƙar bikin Debby, kamar ba ita ce ta gama kokawa da tukunya ba. Na jera abinci a teburin falo, dafa-duka tana tururi, dambu a kwanon tangaran. Baba ya yi addu'a, ya sa wa shinkafa albarka, ya sa wa manoma, ya sa wa gwamnati, har na fara leƙen Samson ta ido ɗaya na tarar shi ma ni yake leƙe. Aka ce amin. Mama ba ta zuba nata ba. Ta zauna a kujerar da ke fuskantarsa, ta harɗe hannu.

Baba ya kai loma, ya lumshe ido. "Kai! Yau an tuna da masu sauran haƙori kaɗan."

Samson ya kai tasa. Na ga lokacin da yajin ya isa. Kunnuwansa suka motsa, zufa ta tsattsafo a ƙarƙashin hular aro, idonsa ya kawo ruwa. Bai tsaya ba. Ya kai ta biyu, ya kai ta uku, yana jan hanci a ɓoye. Ni kuma ina tsaye a bakin labule ina murza gefen siket ɗina.

"Samson," in ji Mama.

"Na'am, Mama."

"An ce kai ne shugaban masu girki a wurin aikinku."

"Mataimaki ne, Mama."

"To, mataimaki. Yau Lahadi, kuma a gaban abinci kake, ka faɗa mini gaskiya. Me ya rage a girkin nan?"

Kun ga tarkon? In ya ce babu, maƙaryaci ne, ga hawaye na bin kumatunsa. In ya ce yaji ya yi yawa, shi ke nan, ya ɗaga murfin tukunya, maganar Mama ta tabbata, ni kuma sai in fara koyon son Alexander. Baba ma ya dakata da cokali a sama.

Samson ya ajiye cokali. Ya goge ido da bayan hannu, hannun nan mai tabon ƙuna iri-iri.

"Mama, yajin ya fi ƙarfina, wannan ba zan ɓoye ba, ga idona. Amma bakina ne rago, ga Baba ko tari bai yi ba." Ya ɗago ya dubi Mama. "Abin da ya rage kuwa, ban sani ba, don ban nema ba. A wurin aiki a tsaye nake ɗanɗana abinci, da bakin cokali, don in kama kuskure. Wannan aiki ne. Amma tun da mahaifiyata ta rasu ina sakandare, ba wanda ya taɓa ɗora tukunya saboda ni, ya ce zauna ka ci. Ɗazu ina nan zaune ina jin ƙarar turmi, na san don ni ake yi, har na kasa jin abin da Baba ke faɗa. Baba, ka yafe ni. Ban zo da bakin aiki ba, Mama. Da yunwa na zo."

Na san mahaifiyarsa ta rasu, amma bai taɓa faɗa mini haka ba. Na so in ruga in rungume shi a gaban kowa, tsoron Baba ne kawai ya riƙe ni.

Mama ta miƙe, ta zo gabansa, ta ɗauke farantinsa, abincin bai ko kai rabi ba, ta wuce ni ta shige kicin.

Samson ya dube ni, fuskarsa ta faɗi. Baba ya dubi silin. Ni kuwa na ce shi ke nan, an kore shi, ko abincin ma an hana shi ƙarasawa. Na bi ta da gudu, a shirye nake in durƙusa in roƙa, in ma ta kama in yi rashin kunya.

Na same ta ta juya baya. Ta ɗauko sabon faranti, tana zuba shinkafa daga tsakiyar tukunya inda ta fi laushi. Ta ɗebi dambu ta zuba a rariya tana kaɗawa a hankali, garin yajin na zuba ƙasa. Ta cika kofi da sauran kindirmona. Sau biyu ta kai gefen mayafinta ido, ta ce hayaƙi ne, alhali wutar a kashe take.

"Wa ke dafa masa a gida?" ta tambaya, ba ta juyo ba.

"Ba kowa, Mama. In ya tashi aiki burodi yake ci da shayi."

Ta ja tsaki mai tsawo. "Shi ya sa wuyansa kamar na zabo. Mutum yana ciyar da gari yana kwana da burodi."

"Mama…"

"Ban ce na yarda ba."

"Ban ce kin ce ba."

"Lahadi mai zuwa ya dawo. Ki koma wurin mahaucin ki sayo irin naman nan, ki kwaɓa shi da nonon naki, ki rage mini citta. Ba zan taɓa kularki ba."

Na miƙa hannu zan karɓi farantin. Ta janye shi.

"Amma ni zan gasa masa da hannuna. Yaron ba shi da uwa, ba zan bar shi a hannun mai koyo ba. Matsa mini."

Ta ɗauki faranti da kofi, ta ture labule da kafaɗa. Ina tsaye a kicin, ba ɗauri, atamfata duk mai, na ji muryarta a falo, irin muryar da rabona da ita tun ina 'yar firamare ina zazzaɓi:

"Cire hular nan ka sha iska, ɗana. Ci a hankali, akwai ƙari."